Tuffa a Gurbin Tuffa: Wace Bakteriya ce Ke Ceton Dashe?

Masu gonakin tuffa a jihar Washington ta Amurka, da takwarorinsu na Shandong a ƙasar Sin, sun daɗe da sanin cewa in aka tuge tsohon itace aka dasa sabo a gurbinsa, dashen kan tsumbure. Saiwarsa ta yi baƙi, tsiro ya gajarta, 'ya'ya su makara. Manomi kan ce ƙasa ce ta gaji, amma ko an zuba taki abin ba ya sakewa. A 1998 Mark Mazzola, masani a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke Wenatchee, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke yi wa saiwar taron dangi: Rhizoctonia, Pythium, Phytophthora da Cylindrocarpon, wani wurin har da wata tsutsa mai suna Pratylenchus penetrans.

A da, turara ƙasa da guba shi ne magani. Sai yarjejeniyar Montreal ta sa ƙasashe masu arziki suka daina turara ƙasa da gubar methyl bromide a 2005, in ban da 'yan keɓantattun wurare, saboda yana cin rufin ozon. Daga nan hankali ya ƙara komawa kan bakteriya masu amfani, irin su Pseudomonas da Bacillus, waɗanda ke mamaye saiwa, su fitar da sinadaran da ke kashe masu cuta, wasu ma su ƙwace musu sinadarin ƙarfe.

Ra'ayina shi ne an fi ƙarfafa fata a kan bakteriyar kwalba fiye da yadda hujja ta bayar. A tukunyar gwaji takan yi abin a zo a gani. A gona kuwa baƙuwa ce, ta tarar da 'yan gida sun kama ko'ina, ga rani ga sanyi, sau da yawa yawanta ya ragu tun itacen bai kafu ba. Itacen kuma shekaru zai yi a wurin.

Aikin Wenatchee ya nuna wata hanyar da ta fi gamsar da ni, wato ciyar da na gida. Shuka wasu irin alkama a tsohuwar ƙasar tuffa ya yawaita Pseudomonas masu danne Rhizoctonia, ko da yake ba kowace alkama ba, kuma nasarar a fili ba ta kai ta gidan gwaji ba. Tunkuzar 'ya'yan mastad ta fi. A wani rahoto na 2015, ƙasar da aka turara ta koma gidan jiya cikin shekara biyu, cuta ta dawo. Wadda aka cakuɗa da tunkuza kuwa al'ummar ƙwayoyinta ta sauya, ta ci gaba da tare masu cutar.

Sai dai tunkuzar tan-tan ake zubawa a hekta, kuma in aka yi gaggawar dashe takan ƙona saiwa. Shi ya sa masu bincike ke gwada rage yawanta tare da amfani da gindin aure mai juriya, irin su G.41 da G.210 da aka samar a Geneva ta jihar New York.