Ƙofofin Dublin: wa ya fara shafa musu fenti?

A wannan makon za mu leƙa Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, mu tsaya a bakin ƙofa.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsofaffin unguwannin birnin ya san abin da muke nufi. Dogayen gidaje ne na jan bulo a jere, bango manne da bango, kai ka ce magini ɗaya ne ya gina su rana ɗaya, amma kowace ƙofa da nata launi. Wannan ja, ta kusa da ita shuɗiya, ta gaba ruwan ɗorawa, can kuma ruwan hoda. A saman kowace akwai taga mai siffar mafici, wadda ke shigar da haske cikin zaure. An gina yawancinsu a zamanin sarakunan Ingila huɗu masu suna George, daga 1714 zuwa 1830, lokacin Ailan tana hannun Birtaniya. Dandalin Merrion, alal misali, an fara shata shi a 1762. Masu filayen kan ba magina haya da sharuɗɗa a kan tsayin gini da kayan da za a yi fuskarsa da su, shi ya sa gidajen suka yi kama da juna haka.

In ka tambayi masu yi wa baƙi jagora asalin launukan, labari uku za ka ji. Na farko, wai da Sarauniya Biktoriya ta mutu a 1901 an umarci jama'a su shafa wa ƙofofinsu baƙin fenti don makoki, sai mutanen Dublin suka yi kunnen ƙashi, kowa ya ɗauko launi mafi ɗaukar ido. Na biyu, wai mata ne suka gaji da mazajensu mashaya da ke faɗawa gidan maƙwabta da dare. Na uku ya shafi marubuta biyu, za mu zo kansa.

Labarin sarauniya yana da daɗin ji, kuma mun ga dalilin da ya sa yake shiga rai. Ailan ta taɓa yin siyasa da fenti da gaske. Bayan kafa ƙasar a 1922, jajayen akwatunan gidan waya na Birtaniya ba a tumɓuke su ba, kore aka shafa musu, har yau kuwa akan ga tambarin Biktoriya a ƙarƙashin fentin wasu. To amma su wa ke zaune a dandalin Merrion da na Fitzwilliam a 1901? Likitoci ne da lauyoyi da alƙalai, da yawansu masu biyayya ga sarauta. Ita kanta sarauniyar ta ziyarci Dublin a watan Afrilun 1900, aka yi mata gagarumar tarba. Ƙari a kan haka, wasu masu ba da labarin sukan ce mutuwar mijinta Albert ce a 1861. Labarin da ke sauya gawa da shekara gwargwadon bakin mai faɗa, kuma ba a nuna takardar umarnin da ya dogara a kai, mu dai ba za mu sa shi a ma'aunin tarihi ba.

Na ukun ne ke da ƙwayar gaskiya. Ana cewa marubuci George Moore ya shafa wa ƙofarsa kore don maƙwabcinsa Oliver St John Gogarty, likita kuma marubuci, ya daina kuskuren gida in ya sha ya yi tatul, shi kuma Gogarty ya rama da ja. Maƙwabtakarsu a layin Ely gaskiya ce, koriyar ƙofar ma gaskiya ce. Moore ya zauna a gida mai lamba 4 daga 1901 zuwa 1911. Sai dai yadda W. B. Yeats ya ba da labarin a littafinsa Dramatis Personae, rigimar da wasu ce daban. Akwai yarjejeniya tsakanin mai gidajen da 'yan haya cewa duk ƙofofin layin farare za su kasance. Moore ya ce shi masanin zane ne, kore ya dace da shi. Wasu mata maƙwabta suka fusata, suka sayi littafinsa Esther Waters, suka yayyaga, suka zuba masa a ramin wasiƙun ƙofarsa. Shi kuma ya riƙa fitowa cikin dare yana jan sandarsa a shingen ƙarfen gidansu don karensu ya yi ta haushi. Su kuma suka yi hayar makaɗin titi ya riƙa tsayawa ƙarƙashin tagarsa daidai lokacin da yake rubutu.

Mu lura, Yeats ya rubuta wannan ne bayan mutuwar Moore a 1933, kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu, domin Moore ya riga ya yi masa shaguɓe a nasa littafin. Ba mamaki ya ƙara gishiri. Amma abu ɗaya ya fito fili: a farkon ƙarni na 20, a wannan layin, ƙofa mai launi abin faɗa ce. Da al'ada ce ta kowa da kowa, da ba wanda zai yaga littafi a kanta.

Shi kansa fentin yana da tasa shaidar. A ƙarni na 18 mai fenti da hannunsa yake haɗawa, farar dalma da mai da garin launi, kuma launukan da suka fi araha da jure ruwan sama su ne na ƙasa, masu duhu. Rawaya mai ƙyalli ta sinadarin kurom sai a farkon ƙarni na 19 ta shiga kasuwa. Shuɗin nan mai zurfi da a dā sai an niƙa dutse mai tsada, sai wajen 1828 aka iya haɗa shi a masana'anta a Faransa. Fentin gwangwani mai sheƙi da saurin bushewa kuwa ɗan ƙarni na 20 ne.

Akwai kuma ƙofofin da ba sa shiga hoto. Bayan dokar haɗe Ailan da Birtaniya ta fara aiki a 1801, aka rufe majalisar Dublin, manyan masu kuɗi suka riƙa komawa Landan. Gidaje da yawa, musamman a arewacin kogin Liffey, suka faɗa hannun masu ba da haya, aka yanyanka faluka, iyali guda ɗaki guda. Ƙidayar 1911 ta samu mutum 835 a gidaje 15 na titin Henrietta, wanda a dā manyan limaman coci da alƙalai ke zaune. A irin waɗannan gidaje ƙofar waje a buɗe take kwana, marasa makwanci su raɓa a matakala. Wa ke ta launi? A Satumbar 1913 gidaje biyu suka rufta a titin Church, mutum bakwai suka mutu. A Yunin 1963 aka sake yi a titunan Bolton da Fenian, rai huɗu suka salwanta, har da yara mata biyu.

Saboda haka ga ɗan Dublin na wancan lokacin, gidajen nan abu biyu suke tuna masa, mulkin Ingila da talauci. Aka shiga rusau. Rushe wasu gidaje biyu a Kildare Place a 1957 ne ya sa Desmond Guinness da matarsa Mariga suka kafa ƙungiyar kare irin waɗannan gine-gine a 1958. Duk da ƙorafinsu, a 1965 hukumar lantarki ta ƙasar ta rushe gidaje 16 a jere a titin Fitzwilliam ta gina ofis na kankare. A ƙarshen 1969 ɗalibai suka tare a wasu gidajen titin Hume wata da watanni don hana a rushe su.

A tsakiyar wannan taƙaddama ne, a 1970, wani ɗan Amurka mai sana'ar talla, Bob Fearon, ya ɗauki hotunan ƙofofi a kewayen dandalin Fitzwilliam, ya jera sama da talatin a takarda ɗaya. Aka kafa ta a tagar ofishin hukumar yawon buɗe ido ta Ailan da ke Niyok, daidai bikin Waliyyi Patrick na watan Maris. Masu wucewa suka yi ta shigowa suna neman kofe, har hukumar ta sayi haƙƙin hoton ta buga fosta. Daga nan ƙofar da ake kallo a matsayin ragowar 'yan mulkin mallaka ta koma alamar birnin, tana kan katin gaisuwa da kalanda da kofin shayi. A ganinmu, mai gidan da ya tsaya yau yana wasi-wasi tsakanin ja da shuɗi, fostar nan yake bi fiye da yadda yake bin magina na 1762.

Ofishin kankaren titin Fitzwilliam ya yi kusan shekara hamsin, shi ma aka rushe shi, aka maye gurbinsa da gini mai fuskar jan bulo. Gida mai lamba 14 a titin Henrietta, inda mutum ɗari suka taɓa zama a lokaci guda, an buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2018.