Jiki Magayi: Tarihin Gano Yadda Ƙwayoyin Halitta Ke Aika wa Juna Saƙo

Gabatarwa

Bahaushe kan ce jiki magayi, wato jiki ne ke sanar da mai shi halin da yake ciki. Abin da wannan karin magana bai faɗa ba shi ne, kafin jiki ya gaya wa mai shi komai, sai ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka gina shi sun gaya wa junansu. Waɗannan ƙwayoyi ƙanana ne ƙwarai, ba a ganin su sai da madubin likita. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda masana suka gano hanyoyin wannan sadarwa, da kuma irin cutar da kan biyo baya idan saƙo ya ɓata.

Saƙo Ta Cikin Jini

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, akasarin masana sun ɗauka cewa jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka su kaɗai ke kai umarni ga gaɓoɓi, kamar yadda wayar tangaraho ke kai labari daga gari zuwa gari. A shekarar 1902 ne William Bayliss da Ernest Starling suka girgiza wannan ra'ayi a birnin Landan. Sun yanke jijiyoyin da ke zuwa wani sashe na ƙaramin hanjin kare, sannan suka zuba ruwan asid a cikinsa. Duk da babu jijiya, sai ga pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, ta fara tsatso ruwan narkar da abinci. Ashe hanjin ne ya saki wani sinadari cikin jini, jini kuma ya kai shi inda aka aike shi. A 1905 Starling ya kira irin waɗannan manzanni da suna homon, daga kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

Bayan haka sai aka gano cewa su kansu jijiyoyin da sinadari suke isar da maganarsu. A 1921 Otto Loewi, a garin Graz na ƙasar Ostiriya, ya sa zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri, ya tsokani jijiyarta da lantarki har bugunta ya ragu. Da ya ɗebi wannan ruwa ya zuba wa zuciya ta biyu wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma sai ta sassauta bugu. Ke nan jijiyar ta bar saƙonta a cikin ruwan. Wannan aiki ya sa shi da Henry Dale suka sami kyautar Nobel a 1936.

Ciwon Sukari: Rashin Manzo da Rashin Ji

Babu inda amfanin wannan ilimi ya fito fili kamar a ciwon sukari. Tun a 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire pankiriyas ɗin kare, suka ga ya kamu da cutar. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tato manzon da ya ɓace, wato insulin, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, James Collip kuma ya tace shi. Aikin insulin shi ne ya gaya wa ƙwayoyin tsoka da na kitse su buɗe ƙofa su karɓi sukarin da ke yawo cikin jini. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo, alhali kafin wannan lokaci yaron da ya kamu da cutar ba ya daɗewa a duniya.

Sai dai a 1936 Harold Himsworth ya nuna cewa cutar iri biyu ce. A iri na farko, ba a aiko manzon ba sam. A iri na biyu kuwa, wanda ya fi yawa tsakanin manya, manzo yakan zo ya yi ta sallama, amma mutanen gida sun yi nauyin ji.

Daga Zaure Zuwa Cikin Gida

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya saƙo ke ratsa fatar ƙwayar halitta? Earl Sutherland na Amurka ne ya amsa ta a wajajen ƙarshen shekarun 1950, yayin da yake nazarin yadda homon ɗin da ke zuba lokacin firgita ke sa hanta sakin sukari. Ya gano cewa manzon ba ya shiga ciki. Kamar baƙo namiji a gidan Bahaushe, a zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai wani ɗan aike na cikin gida ya ɗauki maganar ya shiga da ita. Wannan bincike ya ba shi kyautar Nobel a 1971.

Da wannan ne aka fahimci ta'asar kwalara, wadda annobarta ta shigo Afirka ta Yamma a 1970. Dafin ƙwayar cutar yakan maƙale maɓallin da ke ta da ɗan aiken nan a cikin ƙwayoyin hanji, sai umarnin fitar da gishiri da ruwa ya yi ta maimaituwa ba tsayawa, har mara lafiya ya tsiyaye. Shi ya sa mayar masa da ruwan gishiri da sukari cikin gaggawa ke ceton rai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa cuta kan iya tasowa ta hanyoyi uku: ko a ƙi aiko saƙo, ko a aiko a ƙi ji, ko kuwa a yi ta nanata shi har ya zama ɓarna. Ɗalibin harshe ya san cewa magana ba ta cika sai da mai faɗa, da mai ji, da kuma sanin lokacin yin shiru. Binciken da aka faro da hanjin kare a 1902 ya nuna cewa a kan wannan ƙa'ida lafiyar jiki ma ta dogara.