Mata da Manufofin Hukuma a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo: Daga 'Yan Taru Zuwa Akwatin Ƙuri'a

Abin da muke so mu duba a wannan takarda shi ne yadda hukumomin da suka mulki gabashin Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo da garuruwa irin su Taloka, suka ɗauki al'amarin mata tun daga zamanin jihadi. Mun zaɓi wannan yanki ne domin a nan maganar ta fi ɗaure kai. Ƙasar da ta ga 'Yan Taru ita ce kuma ta haifi shugaban da aka hana mata ƙuri'a a zamanin gwamnatinsa.

Kamar yadda muka sani, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan magana ba ta tsaya a takarda ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, a nan kuma ya rasu cikin 1837. Yaƙe-yaƙen wannan zamani sun tara mata masu yawa a garuruwa da ƙauyuka, ciki har da waɗanda aka kamo, waɗanda bori ya fi zama musu sananne a kan farillan alwala. Ƙanwar Bello, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), matar Waziri Giɗaɗo, ita ta ɗauki nauyin karantar da su. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fillanci, sa'an nan su koma su koyar da matan aure da ke cikin gidaje. Hikimar da ke cikin malfar nan abin lura ce, gama ita ce alamar Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Asma'u ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta sauya mata ma'ana.

Ba mu ce wannan shi ne daidaito irin wanda dokokin yau ke nufi ba. Kulle yana nan, sarauta da alƙalanci suna hannun maza. Amma dai gidan mulki da kansa ya yarda ilmi haƙƙin mace ne, ya kuma samar da hanyar da zai kai gare ta har ɗakinta. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, amma sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, Sakkwato ta biyo baya. Galibin ɗaliban 'ya'yan masu sarauta ne, matan ƙauye kuwa ba su gani a ƙasa ba.

Alhaji Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ne. Ya zama Hakimin Rabah cikin 1934, Sardaunan Sakkwato cikin 1938, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har 1966. A zaɓen Tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, don jam'iyyar NPC ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba kuma jama'a ba za su karɓa ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ta saɓa wa wannan, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri a kan wannan gwagwarmaya. Adalci ne mu ce gwamnatin Sardauna ta ƙara makarantun mata ta kuma yi yaƙi da jahilci. Duk da haka, a ganinmu, hujjar addini da wasu suka riƙa kafawa ba ta da ƙarfi a ƙasar da jaji ta yi yawo da malfa shekara ɗari kafin nan.

Soja ne suka warware maganar. Cikin 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta gyara tsarin ƙananan hukumomi, matan Arewa suka sami damar zaɓe, ba tare da wata zaɓaɓɓiyar majalisa ta yi muhawara a kai ba. A shekarar ce aka kafa Jihar Sakkwato aka kuma fara shirin ilmin firamare kyauta. Zaɓen Tarayya na farko da matan Taloka suka iya shiga shi ne na 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari ya ci.

Daga nan manufofi suka riƙa zuwa daga sama. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da nuna wa mata bambanci cikin 1985. Manufar ƙasa ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Cikin 2016 Majalisar Dattijai ta ƙi wani ƙuduri na daidaita maza da mata, kuma batun gado na cikin abin da ya tayar da ƙura, don malamai sun ga ya ci karo da rabon da Shari'a ta yanke. Sai cikin 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara da ta hana cin zarafin jama'a.

Muna ganin gardamar gadon nan ta rufe wata tambaya da ta fi kusa da macen ƙauye. Shari'a ta ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, amma sau da yawa gonar takan zauna hannun 'yan'uwanta maza, ita kuwa a sallame ta da ɗan hatsi in kaka ta yi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984, aka faɗaɗa noman rani a kwarin Rima, darajar fadama ta ƙaru. Ya kamata masu bincike su shiga kundin kotunan alƙalai na Wurno da Rabah da Goronyo, su ƙidaya mata nawa suka kai ƙarar gadon gona, nawa kuma aka danƙa musu rabonsu.