Kalmar "Must" da Yanke Hukunci Bisa Alama a Nahawun Ingilishi

Ɗalibi yakan fara sanin kalmar "must" ne a matsayin kalmar wajibi, kamar a cikin "You must pay the fees", wato tilas ne ka biya kuɗin makaranta. Sai dai tana da aiki na biyu da ba ruwansa da tilastawa, kuma shi ne wannan nazari ya sa a gaba: bayyana ƙaƙƙarfan zato game da abin da ke faruwa a halin yanzu.

A ce ka iso ƙofar gidan wani da magariba, ka ga motarsa a ajiye, fitilar ɗakinsa a kunne, takalmansa a bakin ƙofa. Ba ka gan shi ba, amma alamun sun ishe ka. A nan ne Bature zai ce "He must be at home", wato lallai yana gida. Tsarin ba shi da wuya: "must" sai aikatau a asalin siffarsa, ba a ƙara masa "s", ba a sa "to" a tsakani. Idan aikin yana cikin gudana, sai a ce "They must be sleeping". Galibi wannan ma'ana takan zo da aikatau masu nuna hali, irin su "be", "know" da "have". In aka ce "He must go" kuwa, kunne ya fi jin umarni.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne korewa. Kishiyar wannan zato ita ce "can't", ba "mustn't" ba. Wanda ya rabu da maigidan a kasuwa yanzun nan zai ce "He can't be at home". A Ingilishin Birtaniya, "mustn't" hani ce. Amurkawa kam suna iya cewa "He must not be home" da nufin zato. Idan alamun ba su da ƙarfi, sai a sauko zuwa "may", "might" ko "could". Akwai kuma "will", wadda ke dogara ga sabo: ka ji bugun ƙofa a lokacin da wani ya saba zuwa, ka ce "That will be Musa".

Masana sun daɗe suna tattauna ƙarfin wannan kalma. A 1972, Lauri Karttunen ya lura cewa jimla mai ɗauke da "must" takan fi jimlar da ba ta da ita rauni a kunne, duk da cewa tana nuna tabbaci. A 2010, Kai von Fintel da Anthony Gillies suka kawo hujjar cewa kalmar ba rauni take nunawa ba, tana sanar da mai saurare ne cewa hankali ne ya kai mai magana ga hukuncin, ba ganin ido ba. Wannan ra'ayi ya fi gamsarwa. Wanda ke tsaye a taga yana kallon ruwa na zuba ba zai ce "It must be raining" ba. Wanda ke cikin ɗaki ya ga mutane na shigowa sharkaf, shi ne zai faɗi haka. A tarihi ma, kalmar ta taso ne daga aikatau na tsohon Ingilishi mai nufin izini, ta koma wajibi, daga baya ta ɗauki ma'anar zato.

Saboda haka, ya kamata malamai su raba ayyukan nan biyu tun daga farko, su koyar da "must" ta zato tare da "can't", kowace jimla da alamar da ta haife ta. Ɗalibin da ya iya tambayar kansa ko ya gani ne ko kuwa ya hararo, ba zai rikita su ba.