Daga Farisa zuwa butar shayin Affala

A gidan abinci na Tehran, bayan shinkafa mai za'afaran da gasasshen nama, ana kawo "chai" da "shakar". Mutumin Affala ba ya bukatar tafinta a nan. Amma tambayi ɗalibanmu asalin sukari, da yawa za su ce Faransawa suka kawo sunan, don mu malamai mun saba fara tarihi daga zuwan Turawa.

Bayan daular Farisa ta faɗi a 651, Larabawa suka yaɗa noman rake har Masar da Maroko. "Shakar" ya koma "sukkar" a bakinsu, mu muka ce sukari. Lemo ma daga "limu" yake. Shayi kuwa ya makara: sai a ƙarni na 19 ya bazu cikin Sahara daga Maroko, kafin ya zama abin tarbar baƙo a Adar.