Gasasshen kabejin Brussels da bekon: amfaninsa, haɗarinsa da yadda za ka dafa shi

Kabejin Brussels ganye ne mai amfani sosai ga jiki, amma naman da aka saba gasa shi da shi, wato bekon, yana zuwa da gishiri da kitse masu yawa. Idan kana da hawan jini, ciwon ƙoda, ko kana shan maganin tsinka jini na warfarin, akwai abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka ci.

Mene ne kabejin Brussels?

Wasu ƙananan dunƙulallun ganye ne masu kama da kabeji, kowanne bai fi girman goro ba, suna fitowa jere a jikin kara ɗaya. A shaguna za ka ga an rubuta Brussels sprouts. Sunan ya samo asali ne daga birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, inda aka daɗe ana noma shi. Shi da kabejin da muka sani tsiro iri ɗaya ne, noma ne ya bambanta siffarsu. Yana son sanyi, shi ya sa aka fi cin sa a Turai da Amurka lokacin hunturu. A Birtaniya yana cikin abincin Kirsimeti, a Amurka kuma ana yawan ganin sa a bikin godiya na watan Nuwamba. Ba shi kaɗai ake ci ba, ana ajiye shi ne a gefen babban abinci kamar gasasshen talotalo ko kaza da dankali.

Mene ne bekon?

Bekon nama ne da ake yankawa fale-fale bayan an jiƙa shi da gishiri da sinadaran hana lalacewa, sau da yawa kuma a kyafe shi. Asalinsa naman alade ne. Idan ba ka cin alade, ka tambaya kafin ka ci wannan abinci a gidan cin abinci ko wurin biki, domin ana yanka naman ƙanana, kuma ganyen yana gasuwa ne a cikin kitsensa, don haka tsince naman ba ya raba su. Akwai bekon na naman sa da na talotalo, sai dai su ma sarrafaffen nama ne mai gishiri.

Amfanin ganyen ga lafiya

A kowane gram 100 na ɗanyen ganyen akwai kalori kusan 43, bitamin C kusan miligram 85, bitamin K kusan maikirogram 177, da faiba kusan gram 4. Faiba ita ce ɓangaren ganye da ciki ba ya narkarwa. Tana sauƙaƙa bayan gida, tana sa ƙoshi, tana kuma rage saurin hawan suga bayan cin abinci. Saboda haka ganyen ya dace da mai ciwon suga da mai son rage ƙiba. Yana kuma cikin abin da zai taimaka maka ka cika gram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci kowace rana.

Ina matsalar bekon take?

Ta farko ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai gram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. A ƙa'idar Birtaniya, abincin da ya wuce gram 1.5 na gishiri a kowane gram 100 mai gishiri da yawa ne, kuma yawancin bekon ya wuce haka. Ka duba takardar da ke jikin fakitin kafin ka saya.

Ta biyu ita ce sankarar babban hanji. A shekarar 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ta ƙiyasta cewa cin gram 50 a kowace rana yana ƙara haɗarin sankarar babban hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Wannan magana ce ta wanda ya mayar da shi abincin kullum. Cin ɗan kaɗan a ranar biki ba ɗaya yake da hakan ba.

Yadda ake gasawa

Don mutum huɗu, ka tanadi ganyen rabin kilo, man zaitun ko man gyaɗa babban cokali ɗaya, masoro, tafarnuwa da lemon tsami. Idan za ka sa bekon, yanka biyu sun isa.

1. Ka kunna obin ya yi zafi zuwa digiri 200 a ma'aunin Selsiyos.
2. Ka wanke ganyen, ka yanke gindinsa, ka cire ɓawon da ya yi rawaya, ka raba kowanne biyu, sannan ka tsane ruwan sosai.
3. Ka juya shi da mai da masoro. Kada ka ƙara gishiri ko dunƙulen magi idan akwai bekon.
4. Ka jera a tire, gefen da aka yanka yana ƙasa. Kada ka cunkusa, in ba haka ba turara zai yi maimakon gasuwa.
5. Ka barbaɗa bekon da aka yanka ƙanana, ka gasa minti 20 zuwa 30, ka juya sau ɗaya. Ka zuba tafarnuwa a minti biyar na ƙarshe.
6. Ka sauke idan ya yi ja-ja kuma cokali mai yatsu yana shiga. Naman ya dahu sarai, amma kada ya ƙone ya yi baƙi. Ka matsa lemon tsami a kai.

Idan ganyen ya daɗe a wuta, musamman a tafasasshen ruwa, yana yin wari da ɗaci saboda sinadaran sulfa da ke cikinsa. Gashi yana fito da zaƙinsa. Idan ba ka son nama, albasa da soyayyar gyaɗa marar gishiri suna ba shi ɗanɗano. Inda ba a samun ganyen, ka yanka kabeji manya-manya ka gasa shi haka nan.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Masu shan warfarin: bitamin K yana rage ƙarfin wannan magani. Ba a hana ka cin ganye ba, abin da ake so shi ne yawan da kake ci ya zama daidai mako bayan mako. Idan ba ka saba ci ba sai ka cika faranti kwana biyu ko uku a jere, gwajin INR ɗinka zai iya sauka, jini ya fi saurin daskarewa. Haka yake da alayyahu da kabeji. Kada ka canza yawan maganin da kanka. Magunguna irin su apixaban da rivaroxaban ba sa samun wannan matsala.

Masu hawan jini ko ciwon zuciya: ka bar bekon gaba ɗaya, ko ka rage shi sosai.

Masu ciwon ƙoda: ganyen yana da fotasiyam, naman kuma yana da gishiri. Idan an ce ka rage fotasiyam, ka tambayi likitanka yawan da ya dace da kai.

Masu yawan kumburin ciki: ganyen yana ɗauke da wani nau'in suga da ƙwayoyin hanji ke ruɓarwa, wanda ke kawo iska. Ka fara da ɗan kaɗan.

Ƙananan yara: ka dafa ya yi laushi, ka yanka ƙanana don kada ya shaƙe su, kuma kada ka ba jariri bekon saboda gishirinsa.

Abin da ya rage ka sa a firji cikin awa biyu, ka cinye cikin kwana biyu, ka ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin ci.

Yaushe za ka nemi likita?

Idan kana shan warfarin kuma ka sauya yawan ganyen da kake ci, ka sanar da asibitinka don a duba INR. Ka garzaya asibiti nan take idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya riƙe, baki ya karkace, ko magana ta harɗe. Ka kuma ga likita idan ka ga jini a bayan gida, ko yanayin bayan gidanka ya canza har tsawon mako uku, ko kana ramewa ba tare da dalili ba.