Horar da Masu Ɗaukar Hoton CT

Horar da masu ɗaukar hoton CT shi ne ƙarin ilimin da ake bai wa ƙwararrun ɗaukar hoton asibiti kafin a ba su takardar shaidar aiki da na'urar da ke ɗaukar cikin jiki yanki-yanki. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar a Ingila, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971. A Amurka, hukumar ARRT tana neman awa 16 na karatu, da aiki a kan majiyyata sau 125, sannan jarrabawa.

Wannan tsauri yana da dalili. Hoton ƙirji na CT yana ɗora wa jiki haske mai illa kusan ninki 70 na hoton ƙirji na yau da kullum, kuma mai ɗaukar hoton ne ke daidaita adadinsa, musamman ga yara. Wasu na cewa kwamfuta ta sauƙaƙa aikin, gogewa ta isa. Amma kwamfuta ba ta tambayar mace ko tana da ciki, ba ta kuma lura da majiyyacin da allurar haskaka jijiyoyi ta tayar wa da borin jini. Sai wanda aka horar, aka kuma jarraba.